Sa jari a kamun kifi a Mombasa: daga ina za a fara?

Malam, ka ce kana zaune a Mombasa kana son sayen kwale-kwale ka ba masunta, ku riƙa raba riba. To, fara da lissafin iska. Lokacin iskar da suke kira kaskazi, wajen Nuwamba zuwa Maris, teku na lafawa, kifi ya samu. Daga Afrilu zuwa Satumba kuwa iskar kusi ke kaɗawa. Ƙananan jirage irin ngalawa ba sa iya nisa, wani lokacin kwana da kwanaki ba fita. Wanda ya yi lissafinsa da kamun Janairu kaɗai zai sha mamaki.

Idan jarin kaɗan ne, ni dai gurar da suke kira malema na fi so. Ana sa mata ciyawar teku, a danne da duwatsu, ta kwana a ruwa, a ɗago kifin da suke kira tafi. Sai dai ana sace ta, saƙar kuma tana ruɓewa.

Kada ka sayi tarun da ake ja daga bakin gaɓa, Kenya ta haramta shi. Ku rubuta yadda rabo zai kasance bayan cire kuɗin mai da ƙanƙara. Batun lasisi da rajistar jirgi, je ofishin BMU, wato ƙungiyar masunta mai kula da mashigar da za ku sauke kifi, ko wurin jami'in kula da kamun kifi.