Amsa ga ƙanena mai son karatun makamashin roka

Ƙanena, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, inda ka ce kana gab da kammala digirin injiniya, kana son zuwa nan Ingila karatun yadda roka ke tashi, har ka tambaya ko yawan albarushi ne kawai ya bambanta ta da bindiga.

Bambancin yana cikin saurin cin wuta ne. Daskararren makamashi daga fatarsa yake cin wuta, yana ragewa a hankali zuwa ciki kamar yadda sabulu ke narkewa a ruwa, kuma duk lokacin da matsi ya ƙaru saurin ma ƙaruwa yake yi. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Paul Vieille, Bafaranshen da ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884, ana rubuta ta r = aP^n, inda r ke nufin saurin cin wuta, P matsi, a da n kuwa lambobi ne da suka danganta da irin makamashin. A bindiga ƙwayoyin albarushin ƙanana ne, fatarsu da yawa, sai su ƙone kafin ƙiftawar ido, matsin ya kai dubban bar (bar ɗaya kusan matsin iskar da muke shaƙa ne). Roka kuwa dunƙule guda ake zuba mata mai rami a tsakiya, siffar ramin ce ke tsara ƙarfin turin, shi ya sa manyan rokokin gefen Space Shuttle, tsohon kumbon Amurka, suka riƙa cin wuta na kusan minti 2 a matsin da bai wuce bar 60 da kaɗan ba. Wajibi ne n ya gaza 1, domin in ya kai, matsi zai ingiza wuta, wuta ta ingiza matsi, har injin ya tarwatse.

A ɗakin gwajinmu, sandar makamashi mai kaurin fensir muke kullewa a tukunyar ƙarfe cike da iskar nitirojin, da siraran wayoyi biyu a jikinta, mu koma bayan bango muna auna lokacin da wuta ta ɗauka daga waya zuwa waya. Milimita kaɗan take ci a daƙiƙa. Saboda wannan bangon nake roƙonka, don Allah, kada ka taɓa haɗa komai a gida.

Abin da zai kai ka shi ne lissafi da ilimin zafi da na kwararar iska, don haka ka ƙware a kansu tun yanzu. Karatun digiri na biyu a wannan fanni yana buƙatar takardar izinin ATAS, wato tantancewar gwamnatin Birtaniya, kafin biza, kuma takan ɗauki makonni, sai ka nema da wuri. Kafin nan, ka gwada neman horon aiki a cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya (NASRDA) da ke Epe a Legas, wadda wannan fannin ne aikinta.