Shanyewar ɓarin jiki: Ko hannu yana dawowa bayan wata biyar?

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta fara ɗaukarsa, amma hannun dama yana ɗan motsi ne kawai. Shin lokaci ya ƙure?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya ne an fi samun sauƙi cikin watanni ukun farko, amma ƙwaƙwalwa ba ta daina koyo bayan haka.

A shekarar 2006 aka wallafa sakamakon binciken EXCITE na Amurka, wanda ya ƙunshi majinyata 222 da suka yi wata uku zuwa tara da ciwon. An sanya wa wasunsu safar da ke hana amfani da lafiyayyen hannu, aka horar da hannu mai rauni sa'o'i da dama a ranakun aiki har mako biyu, kuma bayan shekara guda hannunsu ya fi na sauran aiki. Sharaɗin shi ne yatsu da wuyan hannu suna ɗan miƙewa, shi ya sa motsin da kika ambata ya faranta mini rai.

Ku kai shi wurin likitan gashin ƙashi ya auna shi tukuna, kuma kada a riƙa jan hannun, domin kafaɗa tana saurin gocewa.