Amsa ga mai tambaya kan harsashin harbi daga nesa

Malam, ka tambaya wanne ya fi a harbin nesa, .308 ko 6.5 Creedmoor, tunda ka gansu a bidiyon 'yan Amurka. To ni dai a ganina in gasar harbin allo ce, Creedmoor ya fi. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, kan harsashin siriri ne dogo, shi ya sa yake ratsa iska ba ta kautar da shi sosai, kuma ba ya naushin kafaɗa kamar .308, ka harba ashirin kafaɗarka ba ta yi tsami ba. Matsalarsa ɗaya, yana saurin cinye cikin bututun bindiga.

Shi .308 Winchester tsoho ne tun 1952, kusan ɗan uwan 7.62 na sojojin NATO, yana da nauyi, mafarauta na sonsa, amma in an doshi yadi 1000 gudunsa ya ragu, iska ta fara wasa da shi. Manya irin .300 Winchester Magnum da .338 Lapua kuwa tsada da ƙara kawai zaka sha.

Amma fa ɗan uwa nan Bauchi ne, ba a riƙe bindiga sai da lasisi, farauta a Yankari kuma haramun ce. Kawuna maharbi a wajen Alkaleri da adakarsa da albarushi ya tsufa, sai ya lallaɓa ya matso kusa da nama, ya duba inda iska ke kaɗawa tukuna ya ɗana.