Me ya haɗa atisayen numfashi da haɗiya bayan tiyatar zuciya?

Tambaya: Salam likita, Babanmu za a yi wa tiyatar zuciya nan da wata ɗaya, sai aka ce ya dinga busa wata 'yar na'ura kullum wai don kar haɗiya ta ba shi wahala bayan aiki. Ni dai ban gane ba, ina ruwan numfashi da haɗiya?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ai da ruwansu sosai, ɗora yatsa a maƙogwaronki ki haɗiyi yawu, za ki ji ya haura sama, to a daidai lokacin numfashi na tsayawa, ƙofar huhu ta rufe. A wajen tiyata kuma ana zura bututun numfashi ta nan, sau da yawa har da na'urar hoton zuciya ta hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ga wata jijiyar murya da ta zagaya ta ƙarƙashin babbar jijiyar jini kusa da zuciya, tana iya taɓuwa. Shi ya sa wasu ke farkawa murya a dishe suna ƙwarewa da ruwa, wanda ya fi damuna ma shi ne mai ƙwarewa ba tari, abu ya gangara huhu shiru sai nimoniya, wato ciwon huhu, ta biyo baya.

Busa na'urar nan da ƙarfi yana motsa tsokar ƙasan haɓa mai ɗaga maƙogwaro, kuma yana ƙara ƙarfin tari. Yawanci busa 5 sau 5 ake yi, 25 kenan a rana, kwana 5 a sati. An ga amfaninsa ga haɗiya a masu cutar Parkinson, wato cutar karkarwar jiki, a masu tiyatar zuciya kuwa har yanzu bincike ake. Atisayen da hujjarsa ta fi ƙarfi kafin tiyatar zuciya shi ne na zuƙar iska, a binciken da aka yi a ƙasar Holan aka wallafa a 2006 nimoniya ta kama kusan kashi 6 da rabi cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen, waɗanda ba su yi ba kashi 16.

Amma don Allah kar Baba ya ƙara wa na'urar tauri da kansa, yunƙurin busa na ɗaga hawan jini, likitan zuciyarsa ne zai ce ga iyaka. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take. Bayan aiki kuma kar tausayi ya sa ku ba shi ruwa kafin nas ta gwada haɗiyarsa, kuma a zaune zai sha, kaɗan kaɗan.