Tambaya da Amsa: Ya zan yi maigida ya gane saƙona na gaggawa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gombe, maigidana yana aiki a Abuja sai ƙarshen wata yake zuwa. Satin da ya wuce zazzaɓi ya rufe autanmu da daddare har ya fara jijjiga, ba kati a wayata sai data, na tura masa saƙo a WhatsApp wajen ƙarfe 11 na kuma yi masa filashin sau ɗaya, bai gani ba sai bayan asuba, maƙwabta ne suka kai mu asibiti. Da na yi ƙorafi sai ya ce wayar tana sailent kuma saƙonni sun fi ɗari a ciki, ta ina zai san nawa daban ne? Dan Allah akwai wata dabara da mutum zai nuna saƙonsa ba na jira ba ne?

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi ya raya mana shi. Wallahi da na karanta wasiƙarki sai da gabana ya faɗi, don na san daren da uwa za ta riƙe yaro yana jijjiga tana kallon waya ba amsa.

Gaskiyar magana shi saƙon tes ba a ƙera shi da wani maɓalli na gaggawa ba. Tun na farko da aka tura a Ingila a watan Disamba na 1992 har zuwan GSM Najeriya a 2001, duk saƙo ƙara ɗaya yake yi, da na barka da Juma'a da na rasuwa. WhatsApp ma haka. Akwai manhajar ofis ta Microsoft Teams da in ka sa wa saƙo alamar gaggawa zai ta buga wa mutum duk bayan minti 2 har tsawon minti 20, amma wa ke amfani da ita tsakanin mata da miji? To tunda wayar ba za ta yi mana ba, mu ne za mu shirya abinmu, kuma tun kafin ranar ta zo.

Ki fara da kalmomin farko na saƙon, nan ne muke yin asara mu Hausawa. Mun saba sai an yi sallama, ina wuni, ya aiki, ya gajiya, ya mutanen Abuja, sannan a zo kan magana, tarbiyya ce mai kyau ba na kushe ta, amma ki duba wayarki in tana kulle saƙo ya shigo, layi ɗaya ko biyu kawai take nuna miki a sama, sauran sai an buɗe. Mutum ya ɗaga waya cikin magagin barci ya ga "Salam Abban yara ina wuni ya ai..." sai ya ajiye ya ce da safe. Da abin da ya gani shi ne "GAGGAWA: auta na jijjiga, muna tafiya asibiti, kira ni", ba na jin akwai uban da zai koma barci. Me ya faru, kina ina, me kike so ya yi, shi ke nan, gaisuwa ta biyo baya. Kuma dan Allah ban da saƙon murya a irin wannan lokaci, wanda yake cikin mitin ko sahun masallaci ba zai iya saurara ba, kuma daga waje ba abin da yake gani sai alamar makirfo da tsawon mintuna.

Sai dai kalmar GAGGAWA tana da tsada, ki yi tattalinta. In yau kin sa ta don gas ya ƙare, gobe don telan yara bai kawo ɗinki ba, ranar da rai ke hannun Allah za ta zama kamar kowace kalma. Ku zauna da maigida in ya zo ƙarshen wata ku yi yarjejeniya: in ya ga GAGGAWA ya bar duk abin da yake yi, in ya ga YAU to magana ce da ke son amsa kafin dare, in ba ko ɗaya sai ya samu sarari.

Wani abu kuma da nake roƙon kowa ya daina shi ne tura "kira ni yanzu" tsurarsa ba bayani. Mun san yadda ake sanar da mutuwa a wajenmu, ba a faɗa kai tsaye, sai a ce jikin ya tsananta ka taho gida, saboda haka wanda yake nesa da iyayensa in ya ga "kira ni yanzu" zuciyarsa can take tafiya. Ƙanwata ta taɓa turo min haka ina cikin adaidaita, hannuna na rawa na kira, ashe lambar mai ƙunshi take nema. In ba tashin hankali ba ne ki haɗa da "lafiya lau", kalma biyu ce.

Yanzu maganar sailent, wannan aikin maigida ne. Maimakon ya kashe ƙarar gaba ɗaya ya shiga saitin inda aka rubuta Do Not Disturb, a wayoyin Android zai iya sa wa lambarki tauraro ya ce masu tauraro su wuce, kuma akwai zaɓin da in lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15 wayar za ta yi ƙara. A iPhone kira na biyu cikin minti 3 ne, sannan in ya buɗe sunanki wajen zaɓen sautin kira akwai Emergency Bypass, in ya kunna, kiranki zai yi ƙara ko wayar tana sailent. Kinga filashin ɗayan nan da kika yi, da biyu ne a jere kuma an yi wannan saitin, da wataƙila ya farka. A WhatsApp ɗin ma ya sa miki sautinki na daban ya rufe bakin guruf-guruf ɗin nan da ke cika masa waya.

Kar kuma ki dogara da WhatsApp shi kaɗai, mutane da yawa suna kashe data in za su kwanta. In kin ga alamar nan ta ✓ guda ɗaya tak a jikin saƙonki to saƙon bai ma isa wayarsa ba. Tes na layi ba ya buƙatar data, don haka ki ajiye ɗan kati ko na naira 200 ne da ba ya taɓuwa. Kuma in abin rai ne, kira ya fi saƙo, kuma na kusa ya fi na nesa, maigida yana Abuja ba abin da zai iya a minti goma, abin da kika yi na buga ƙofar maƙwabta shi ne daidai. Ki ajiye lambar maƙwabci mai mota, da ta wani da ke kwana kusa da maigida a can, da 112 lambar agajin gaggawa ta ƙasa.

TAMBAYA: Anti ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. An turo min saƙo da lambar da ban sani ba wai ƙanena ne ya yi hatsari a hanyar Katsina, wayarsa ta fashe, in tura kuɗin magani yanzu-yanzu. Ya zan bambance?

AMSA: Alhaji kar ka tura ko sisi sai ka ji murya. 'Yan damfara sun san gaggawa tana hana mutum tunani shi ya sa kullum saƙonsu yanzu-yanzu ne, kuma kullum da dalilin da zai hana ka kira. Ka kira ainihin lambar ƙanen naka, in ba ta shiga ka kira matarsa ko wanda suka yi tafiyar tare. In mai saƙon ya ɗauka ka ce a ba ka shi, in an ce ba ya iya magana ka tambayi sunan asibitin ka tura wanda ka sani a Katsina ya je ya gani da idonsa.