Amsa ga jikata kan kunyar ɗan fari

Amaryata,

Saƙon muryarki ya same ni a zaure bayan la'asar, ƙanenki ne ya kunna mini, sau biyu na sa ya maimaita. Kin ce kun yi gardama da ƙawayenki a ɗakin kwananku can Samaru, wata ta ce uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rungumarsa, ba ta ce masa tana ƙaunarsa, cutar da shi take yi. Kika tuna cewa tun tasowarki ba ki taɓa jin uwarki ta ambaci sunan yayanku ba, kullum "wancan" ko "yaron nan". Kina so ki sani ko addini ne, kuma in Allah Ya ba ki naki ko dole ne ki yi haka.

Ba addini ba ne, kada kowa ya ruɗe ki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka ba shi amsa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Al'ada ce, ta kuma fi ƙarfi a wajen Fulani, su suna kiran kunyar semteende. Mu nan Zazzau mun daɗe da cakuɗuwa, ba mai iya zare zaren wani daga na wani.

Amma ki san gidan da al'adar ta tsiro a ciki. Da, yarinya ƙarama ake kai ta gidan miji, gidan gandu, ga uwar miji, ga faccaloli, wataƙila ga kishiya. In ciki ya tsufa sai ta koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego na kwana arba'in, ana ɗura mata kunun kanwa. Jaririn kuwa daga hannun wannan zuwa na waccan. Ranar yaye, wajen shekara biyu, kaka ce ke ɗauke shi, sau da yawa ma ba ya dawowa. Uwar da ta ƙanƙame ɗanta a irin wannan gida tana nuna shi, ta raba shi da mutum ashirin ke nan, kowa zai ce to ga ki ga shi. In ta kau da kai, sai goggo ta goya, baffa ya saya masa takalmin salla, kishiyar ma ta ajiye masa ƙanzo. Janyewar tata ita ke sama wa yaron iyaye. Akwai kuma tsoron baki, don mutanenmu ba sa son yawan yabon abin da suke ƙauna a bainar jama'a.

Ƙawarki ba ƙarya ta yi da gangan ba. Abin da idonta ya saba gani ta faɗa. Ido kuwa koya masa ake yi, kamar yadda ake koya wa yaro alif da ba. Tun tana ƙarama take ganin uwa a fim ta buɗe hannu ɗa ya faɗa jikinta, ana kiɗa mai sa hawaye. Yanzu ga waya, a yini ɗaya sai ta ga irin wannan sau ɗari, daga Amurka, daga Turkiyya, daga Indiya. Sai ƙauna ta zame mata kama ɗaya tak, duk inda ba ta ga wannan kamar ba sai ta ce babu.

Kada ki ɗauka mu ba a yi mana haka ba. Mu ma an koya wa idonmu. Na farko bakin kakata ne, da dare a tsakar gida, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami. Sai makarantar allo, sai dandali, sai tashe daga goma ga azumi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a garin nan a 1939, a zauren mahaifina mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, bakwai suna saurare, ana tsayawa ana musu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar da kike ciki. Akwatin rediyo ɗaya ne a layinmu, in an gama labarai sai dattawa su hau tankaɗe, su ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa farfaganda ce. Da muka zama samari muka riƙa satar jiki daga cikin birni, mu fita ta Ƙofar Doka mu nufi Sabon Gari kallon fim ɗin Indiya. Ni da kaina na taɓa tara suma na tsaga ta gefe, ina ganin na waye. Baffana bai ce mini uffan ba, wanzami kawai ya aika a kira. Ashe kin ga baƙon abu ba a kanku ya fara shigowa ba.

Inda kuka bambanta da mu shi ne mu a cikin taro muka ji, ku kuma a kaɗaice kuke ji. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, sannu a hankali zaure ya koma cikin tafin hannu. Ƙanenki na zaune kusa da ni, abu toshe a kunne, yana dariya shi kaɗai, ban san wa ke ba shi dariyar ba balle in ce masa ƙarya ne. An kuma bayyana mini cewa manhajar tana lura da abin da mutum ya daɗe yana kallo, sai ta ƙaro masa irinsa. Wato maroƙi ne a aljihu, abin da kake so shi zai yi ta faɗa maka. Ban ce a jefar ba, da ita kika aiko mini tambayar nan, da ita nake jin karatun malamai. Sai dai laifin ba naku kaɗai ba ne. Mu ne muka tashi daga gandu muka kama haya ɗaki biyu da falo, muka daina hirar dare, muka bar ku da ita.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Uwarki ce 'yata ta fari, kin sani, kuma har yau sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Tana shekara shida ƙyanda ta kwantar da ita, a lokacin tana hannun mahaifiyata. Kwana uku ban leƙa ɗakin ba. Ina zaure na kwance bayan rediyo wai gyara nake yi, alhali lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya fito sai in ce, "Yaya mutanen ciki?" In dare ya raba sai in lallaɓa in tsaya jikin taga ina sauraren numfashinta. Dare na uku na ji ta ce tana son ruwa, na koma zaure na yi alwala na yi ta nafila har assalatu. Ita ba ta san an yi ba. Yau in na tuna, nakan ce da na shiga na dafa goshinta, me zai ragu a jikina? Nan kam kunyar ta wuce gona da iri, kuma ƙawarki tana da 'yar gaskiya.

Ke kuma ki sa ido a kan uwarki. Ki lura wa take fara zuba wa tuwo ta rufe da faifai ta tura gefe. Ki lura duk daren da yayanku ya yi latti a hanyar Kaduna, wa ke zaune kan darduma har sai ta ji ƙarar ƙyaure, sa'annan ta yi maza ta kashe fitila kamar ta daɗe da barci.

Naki ɗan, in Allah Ya kawo, wataƙila a gidan da ba kaka ba goggo za ki haife shi, daga ke sai mijinki. In kika kau da kai a can, ba wanda zai ɗauka. Ki kira sunansa, ki rungume shi. Amma ranar da kika kawo shi nan, ki miƙa wa uwarki ki ja da baya, kada ki yi ta ririta shi a gaban surukanki, za su gani kuma za su riƙe.

Ranar Juma'a in babu lacca ki shigo gari, ki zo da ƙawar taki, kakarki za ta yi dambu. Ki taho mini da goro fari, tunda ke ce amarya, uwargida ta daina saya mini.

Angonki tsoho.