Hukuncin zuba kuɗi a takardun kabon don cin ribar tashin farashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi. An nuna mini wata manhaja a waya, aka ce in zuba jaka 200 na sefa a takardun kabon, wai tun lokacin korona kuɗinsu ke ninkuwa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Takarda guda tana matsayin tan ɗaya na iskar kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya. Akwai ta Tarayyar Turai, lasisin da tun 2005 ake wajabta wa masana'antu su miƙa gwargwadon hayaƙinsu, akwai kuma wadda kamfanoni ke saya don ra'ayin kansu daga ayyukan raya itatuwa. Labarin da aka ba ka na ta Turai ne. A Maris 2020, da masana'antu suka rufe, ta faɗi ƙasa da yuro 20. A Disamba 2021 ta haura 80, wato fiye da jaka 52, saboda tsadar gas, da tsaurara dokar hayaƙi, da masu saye don jiran tashin farashi da suka yi mata caa. Ta kusa 100 a Fabrairu 2022, yaƙin Yukren na ɓarkewa ta rikito wajen 60 cikin kwanaki. Wannan ɓangaren ba a cika nuna wa mai zuba kuɗi ba.

Tashin farashi ba shi ke haramta ciniki ba, ko gero yana tashi da bazara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince a 1988 cewa haƙƙin da ba a taɓa shi da hannu yana iya zama dukiya, don haka ina ganin sayen takardar kanta halal ne in ta cika sharuɗɗan Malikiyya: a san ta, tana da amfani, ana iya miƙa ta.

A nan manhajar take faɗuwa. Galibin irinta ba ta sa takarda ko ɗaya da sunanka a rajistar masu mallakar takardun. Ajiya kake bayarwa, a ranta maka ninkinta, a ƙarshe a biya ka ko a cire maka bambancin farashi. In an ranta maka ninki 10, faɗuwar kashi 10 cikin 100 ta cinye jarinka kaf. Babu kaya, babu karɓa, bashi ne da bashi, kuɗin da ake cirewa duk daren da rancen ya kwana kuma riba ce. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san makomarsa ba, ya ce wa Hakim bin Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa, Majalisar nan kuma ta haramta irin wannan a 1992. Masu zuga farashi don wasu su afka, najashu suke yi. Kada ka zuba.

Manoman da ke raya gawo a gonakinsu kuwa, in ƙungiyarsu ta sayar da takardun da aka tantance, halal ne, muddin an rubuta shekarun yarjejeniya, da kason kowa, da wanda zai ɗauki asara in an sare itacen.

In ka riga ka zuba, janye uwar kuɗinka, abin da ya hau kai ka ba mabukata. Wallahu a'alam.